Ku Tambayi Gareji: Maɓallin Sport da amotisa mai saiti a kan hanyoyin Damagaram

Motocin gudu ba su da yawa a Zinder, amma daga cikin motocin hannu na biyu da ke shigowa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, da dama suna zuwa da maɓallin Sport, wasu har da amotisa mai canja tauri, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke ce wa shoka. Tambayoyin wannan fitowa duk a kansu suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf GTI mai zaɓin Comfort, Normal da Sport. Idan na kama hanyar Mirya na sa Sport, sai motar ta dinga tsalle da ni a duk inda aka yi wa kwalta faci. Wani abokina ya ce haka ake so, wai wannan taurin shi ne kama hanya. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya faɗi rabin magana, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar mu a nan.

Abubuwa biyu ne ke tsakanin taya da jikin mota. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Amotisa ba ta ɗaukar nauyin komi, aikinta ta hana sifirin yin ta lilo bayan taya ta taka rami ko tudu. Cikinta mai ne da fistin mai 'yan ƙananan ƙofofi, kamar dai sirinjin allura: in ka tura a hankali ya tafi, in ka tura da ƙarfi ya yi maka gardama, saboda ruwan ba shi da mafita sai wannan 'yar ƙofa. A motarka, tsarin da Volkswagen ke kira DCC, wanda ya fito a 2008, ya ɗora wa kowace amotisa wani bawul mai aiki da lantarki. Kwamfuta na karanta sansa da ke auna hawa da saukar tayu da kuma girgizar jikin mota, sai ta matse ƙofar man ko ta buɗe ta, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Maɓallin da kake dannawa yana gaya mata ne daga wane tauri za ta fara lissafi. Ko a Comfort kake, in ka shiga kwana da sauri ko ka taka birki da ƙarfi, da kanta take ƙara tauri a ƙafar da nauyi ya koma kanta.

Sifirin na ƙarfe ba ya jin maɓalli, yadda yake haka yake. Saboda haka a doguwar kwana, motar za ta karkata kusan gwargwado ɗaya ko a Sport ko a Comfort. Abin da ya bambanta shi ne saurin karkatar. A Sport, da ka murɗa sitiyari jikin motar ya amsa nan take, ba ya yin wannan lumbu-lumbu na farko. A kwalta mai santsi kamar ta filin tsere wannan riba ce.

A kwalta mai faci da tsagewa kuwa, labari ya juya. Taya ba ta riƙe hanya sai tana danne a ƙasa. In amotisa ta yi tauri fiye da kima, taya ba ta iya shigewa sama ta haye facin ta dawo. Sai motar gaba ɗaya ta ɗaga, tayar ta yi sauƙi ko ta bar ƙasa na ɗan ƙiftawar ido. A wannan ɗan lokaci babu birki a tayar, babu sitiyari. In a kwana abin ya faru za ka ji bayan motar yana ɗan matsawa gefe taki-taki, in birki kake takawa za ka ji fedal na karkarwa saboda ABS, na'urar da ke hana tayu kullewa a birki, ya shiga tun ba a kai ko'ina ba. Tsallen da kake ji ke nan, kuma raguwar riƙo ce, ba ƙaruwa ba.

Shawararmu: shiga zaɓin Individual. Sa inji da giya a Sport in kana son su amsa da wuri, sitiyari yadda hannunka ya fi so, amma DCC ka bar shi a Comfort ko Normal. A sababbin GTI ma an raba taurin hawa 15, sai ka ja shi zuwa ɓangaren laushi. Ka gwada a kan yanki ɗaya na hanya, da gudu ɗaya, sau ɗaya a Sport sau ɗaya a Comfort, ka lura da sitiyari a hannunka lokacin da tayun gaba suka hau facin. Wanda bai fizge hannunka ba shi ne ya fi riƙe hanya. A burji mai gargada kuwa ba a ma tambaya: mafi laushi, a kuma rage gudu.

Tambaya: Shin Sport yana ƙara wa inji ƙarfi ne? Kuma yana shan mai da yawa? Daga wani ɗalibi a Sabon Gari.

Amsa: A yawancin motoci bai ƙara ko doki ɗaya, samari. Abin da yake canjawa shi ne yadda kwamfuta ke fassara ƙafarka. Totur ɗin motocin yanzu ba shi da wayar ƙarfe zuwa inji, sansa ne kawai. A Normal, in ka taka kwata, inji ya ba ka kimanin abin da ka nema a hankali. A Sport, wannan kwatan sai a ɗauke shi kamar ka taka fiye da haka. Sai ka ji motar ta zabura. Amma in ka dangwale fedal har ƙasa, ƙarfin da za ka samu ɗaya ne a duka biyun. Akwai 'yan tsiraru da suka fita daban, irin wasu Porsche masu turbo da ke ƙara matsin iska na ɗan lokaci, ko maɓallinsu na Sport Response da ke shirya inji da giya tsaf na daƙiƙa 20 don wuce mota.

Sauran canjin a giya yake: tana riƙe kowace lamba har inji ya yi sama, tana saukowa da wuri in ka taka birki, sau da yawa ba ta shiga lambar ƙarshe. Sitiyari ya yi nauyi, amma nauyin na roba ne, an rage taimakon lantarki ne kawai, bai ƙara wa taya riƙo ba. A wasu motoci wani bawul a salansa ya buɗe don ƙara, wasu ma ta lasifika ake ƙaro rurin injin.

Batun mai, ƙwarai yana sha, tunda inji na juyawa da yawa a gudu ɗaya. Amfaninsa na gaske a doguwar hanya ne, kamar ta Takeita, lokacin da za ka wuce tirela: ka sa shi kafin ka fita, giya ta riga ta sauko, ka wuce ka mayar. A cikin gari, tsakanin 'yan kabu-kabu da amalanken jakuna, totur mai zabura wahala ce kawai.

Tambaya: Ɗana yana tuƙa motar mahaifinsa, mai jan baya ce. Na lura duk lokacin da ya shiga yakan danne wani maɓalli har wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai hoton mota da layuka biyu a karkace, ta kama ta zauna. Ya ce wai hakan ne ke sakin motar. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Birni.

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Abin da yake kashewa shi ne na'urar hana mota juyawa, wadda ake rubuta wa ESP ko ESC, BMW na ce mata DSC, Toyota VSC, Porsche PSM. Mercedes da Bosch suka fara fito da ita a 1995, kuma amfaninta ya bayyana har Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota tun watan Nuwamba 2014.

Yadda take aiki: tana duba inda sitiyari ya nufa, tana duba inda motar ke tafiya da gaske. In suka saɓa, sai ta rage ƙarfin inji ta kuma matse birkin taya ɗaya tak. In baya ne ya zame zai wuce gaba, ta kama tayar gaba ta wajen kwana. In gaba ne ya ƙi juyawa yana tafiya sak, ta kama tayar baya ta cikin kwana. Babu direban da zai iya wannan da ƙafarsa, domin fedal ɗin birki guda ne, tayu huɗu yake kamawa tare.

Maɓallin yakan zo hawa biyu. Taɓawa sau ɗaya tana sassauta tsaron, ta bar tayun da ke jan mota su ɗan yi juyin banza. Dannewa na wasu daƙiƙu tana janye shi sosai, a wasu motoci gaba ɗaya. Kuma a kula, a BMW da dama zaɓin Sport+ da kansa yake sassauta wannan tsaro ba tare da an taɓa wani maɓalli ba, abin da Sport zalla ba ya yi. Fitilar in tana ƙyaftawa, na'urar ce ke aiki a daidai lokacin. In ta zauna daram, an kashe na'urar ko ta lalace.

Me ya sa abin ya fi haɗari a nan? Rairayi. Iska na kwaso shi ta shimfiɗa a gefen kwalta da bakin mararraba, wani lokaci siririn da ido ba ya gani da dare. Mota mai jan baya, in tana fita daga kwana direba ya taka totur tayar baya ta hau wannan rairayi, bayan zai fice kafin ya ankara. Haka ruwan farko na damina, wanda ke taso da ƙura da man da suka kwanta a kwalta tun rani. A gudun kilomita 100 a awa mota na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin mutum ya gane abin da ke faruwa ya riga ya bar hannunsa.

Wuri ɗaya ne sassautawar ke da amfani a tuƙin yau da kullum: in mota ta kafe a rairayi mai zurfi ko taɓo, tana bukatar tayu su juya kaɗan ta fita, na'urar kuma tana ta yanke mata ƙarfi. A taɓa sau ɗaya, a fita, a mayar. Ki gaya wa mahaifinsa ya sa masa doka a kan wannan maɓalli. In ƙara da zabura yake so, Sport zalla zai ba shi, na'urar tsaro tana kunne.

Tambaya: Ni bakanike ne. Wani mai mota ya kawo mini amotisa masu zare a jiki, waɗanda ake ɗaga mota ko sauke ta da su, da wani ɗan maƙunni mai ƙas-ƙas a kai. Ya ce in ɗaura in sauke motar sosai. Ta ina zan fara saiti? Daga wani gareji a hanyar Magarya.

Amsa: Sannu da aiki, maigida. Kafin ka kwance komi, ka aje motar a daɓen siminti mai daidai, iskar tayu daidai, tanki rabi, ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a ƙafa huɗu, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya da cinyewarta za su ruɗe ka.

Sai ka duba wane iri ne a hannunka. Akwai wanda zoben da sifirin ke zaune a kai shi kaɗai ke hawa da sauka. A wannan, tsayi da matsin sifirin abu ɗaya ne. Akwai kuma wanda gindinsa ke murɗawa daban, jikin amotisa ya ƙara tsawo ko ya rage. A wannan na biyu, da gindin ake gyara tsayi, zoben sifirin a bar shi yadda kamfani ya ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sassauta zoben don mota ta sauka, sai sifirin ya zama sako-sako. Ranar da taya ta faɗa rami ta miƙe gaba ɗaya, sifirin ya bar mazauninsa ya dawo a karkace. Gwajin mai sauƙi ne: mota na sama, taya na rataye, in ka iya girgiza sifirin da hannu sama da ƙasa, ba daidai ba ne.

Ba a murɗa zobe nauyin mota na kai. A ɗaga, a sa mata madogara ta ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. A wanke zaren da burushi tukuna, a yi aiki da sifanar ƙugiya da ta zo da kayan, ba kurfi da guduma ba, domin zoben alminiyam ne, yana fashewa. A ƙirga zagaye, dama da hagu daidai. A sauke, a zaga da motar kaɗan ta zauna, a sake aunawa. Bambancin dama da hagu kada ya wuce 'yan milimita. A ƙafar baya da sifirin ke zaune can ciki a kan hannun ƙarfe, milimita ɗaya a zobe na ba da fiye da haka a taya, don haka a tafi sannu. Kusoshin da suka ratsa robar bushin kuma ba a ɗaure su tam sai nauyin mota ya sauka a kan tayu. In aka ɗaure su ƙafa na rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Maƙunnin ƙas-ƙas shi ne na tauri. Ana fara ƙirga daga rufe, wato mafi tauri: a murɗa a hankali har ya tsaya, kada a tilasta masa, allura ce siririya a ciki, sannan a dawo baya gwargwadon lambar da takardar kayan ta bayar. Yawan hawan ya danganta da samfuri. Bilstein B16 yana da 10, maƙunni ɗaya. KW V3 yana da biyu, 16 na dawowa da 12 na matsewa. In naka mai biyu ne, ka san aikin kowanne. Na matsewa in ya yi yawa, motar na dukan tudu tana tsalle. Na dawowa in ya yi kaɗan, bayan tudu motar ta yi lilo sau biyu ko uku. In ya yi yawa kuma, a nan gargada ke kama mutane: sifirin bai gama miƙewa ba wani tudun ya zo, ya ƙara matsewa, a haka motar ta yi ta nutsewa har ta zauna a kan robar ƙarshe, sai a ji kamar babu sifirin sam. Mai motar zai ce a ƙara tauri, alhali sassauta na dawowa ake bukata. Ana canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, ƙas biyu, dama da hagu tare, a gwada a hanya ɗaya, a rubuta.

Game da saukewa sosai, ka ba shi shawara ya haƙura. Duk milimitar da ka sauke, ka rage wa amotisa wurin tafiya ne, kwanon baƙin mai da salansa kuma sun matso ƙasa. Porsche kansa, a wasu samfurin 911 na baya, milimita 10 ya sauke da PASM, tsarinsa na amotisa mai saiti, 20 a na wasanni, kuma don kwaltar Turai. Ka tsaya a saman iyakar da takardar kayan ta yarda. Bayan an gama dole a kai ta saitin tayu, domin canjin tsayi na karkatar da su, in ba haka ba gefen ciki na taya zai cinye cikin ɗan lokaci. A duba fitilun gaba ma. Zaren kuma kada a lafta masa giris, ƙurar hunturu za ta manne ta zama abin gogewa. A fesa mai busasshe ko a sa masa riga.

Tambaya: Gaban motata na gogar ƙasa a kowane tudun rage gudu. In na sa amotisa a Sport zai hana? Daga wani ma'aikaci a Zinder.

Amsa: Ba zai ɗaga motar ko milimita ɗaya ba, Malam, a motoci masu sifirin na iska ma Sport sauke ta yake yi. Abin da ke sa gugar shi ne birki a kan tudun: nauyi ya koma gaba, hanci ya duƙa. Ka gama birkinka kafin ka iso, ka saki fedal hancin ya ɗago, ka hau da tafiyar ƙafa, a ɗan karkace in hanya ta ba da dama, taya ɗaya bayan ɗaya. Wasu motoci na da maɓallin ɗaga hanci, kamar Porsche 911 da Corvette C8, kimanin milimita 40, kuma a ƙaramin gudu kawai yake aiki. In taka na da shi, danna tun da sauran tazara.

Tambaya: Saƙon matsalar amotisa ya fito a allon motata, ta kuma yi tauri kamar amalanke, maɓallin ba ya canja komi. An ce in cire masu lantarkin in sa na gama-gari, sun fi araha. Ya kuka gani? Daga wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Zinder da Matamai.

Amsa: Alhaji, kada ka sayi komi tukuna. Taurin da kake ji ba lallai ne amotisa ta mutu ba. Yawancin masu bawul an yi su ne yadda in kwamfuta ta ga abin da ba ta gane ba, sai ta janye hannunta, bawul ɗin ya tsaya a wuri ɗaya mai ɗan tauri don motar ta kai gida lafiya. Sau da yawa laifin ƙarami ne.

A fara da batir. Zafinmu na cin batir, kuma in ƙarfinsa ya faɗi lokacin tayar da inji, kwamfutoci kan rubuta laifin ƙarya. Sai a ɗaga motar a bi wayar da ke shiga kowace amotisa: tana motsi tare da ƙafa, tsakuwa na dukanta, soket ɗinta na cika da ƙura. Sai sansar tsayi, wani ɗan akwati baƙi mai siririn hannu na roba ko ƙarfe da ke haɗe da ƙafar mota. Rami ɗaya ya isa ya karya hannun ko ya fizge shi, kuma wani lokaci bayan gyaran ƙafa akan mayar da shi a juye. Na'urar bincike za ta faɗi ƙafar da abin yake, amma sai wadda ke iya shiga kwamfutar amotisa; ƙananan da ke karanta inji kaɗai ba za su ga komi ba.

In amotisar ce, za ka ga mai ya jiƙa jikinta ya gangaro, ƙura ta manne ta yi baƙi. Ɗan danshi a sama kusa da sandar ba komi ba ne. Akwai wani iri dabam da ya kamata a sani, MagneRide, wanda ya fara fita a Cadillac Seville STS a 2002, daga baya Corvette, Audi TT, Ferrari da Mustang suka ɗauka. Shi ba bawul gare shi ba. Mansa na ɗauke da garin ƙarfe, in lantarki ya ratsa wayar da ke cikin fistin sai maganaɗisu ya sa man ya yi kauri. Wannan in wuta ta yanke masa laushi yake yi, ba tauri ba, kuma ba a ɗura masa man gama-gari.

In za a canja, biyu ake canjawa, dama da hagu na gaba ko na baya, kuma a motoci da yawa sai an koya wa kwamfuta sabon tsayi da na'ura. Na gama-gari masu kyau za su yi aiki, kuma ga mai bin hanyar Matamai kullum ba mu ga laifin wannan zaɓi ba, muddin an canja duka huɗu da samfurin da aka yi don wannan mota. Amma saƙon ba zai gushe ba sai an cire tsarin a kwamfuta ko an sa 'yan na'urorin da ke toshe soket ɗin. Abin da ba ma so shi ne gauraye, biyu na lantarki biyu na gama-gari, domin gaba da baya ba za su amsa tare ba a kwana.

Tambaya: A zafin watan Afrilu da Mayu, akwai illa in ana amfani da Sport+ da tashin tsere daga tsaye? Daga wani matashi a hanyar Tanut.

Amsa: Akwai, ƙanena, kuma ta ɓangare uku. Na farko baƙin mai. Allurar ruwa takan kai tsakiya da wuri, amma mai na baya da ita sosai. Ko da rana ta take, kada ka matsa wa inji sai mai ya kai maki 80 zuwa 90 a ma'aunin Celsius. Tsakanin 90 da 110 lafiya lau. In ka ga ya haura 120 yana ci gaba, ɗaga ƙafa ka koma Normal, kada ka kashe inji nan take. Bayan gudu mai tsanani a yi 'yan kilomita a hankali turbo da birki su huce.

Na biyu iska da fetur. Iskar da ta haura maki 40 ba ta da nauyi, kuma tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa. Kwamfuta na jin wannan ƙwanƙwasa ta ja baya, shi ya sa motar ke yin sanyin jiki da azahar. Irin waɗannan injuna na son fetur mai lamba 95 ko 98, an rubuta a murfin tanki. Man kwalba na bakin hanya, wanda ba ka san lambarsa ko abin da aka gauraya masa ba, tare da Sport+ a wannan zafi, hanya ce ta ƙona fistin. A buɗe matatar iska bayan hunturu, a kuma leƙa ramukan bamba, inda ƙananan lagireto ke tara leda da ganye da ƙura.

Na uku giya da birki. Tashin tsere na ɗora zafi mai yawa a kan kuloci cikin daƙiƙu kaɗan, shi ya sa motoci da yawa ke ƙin maimaita shi sai sun huce, kuma a wasu sai an sassauta na'urar hana juyawa kafin ya yi aiki. Wurinsa fili ne rufaffe, ba titin da awaki da yara ke tsallakawa ba. Giyar DSG, wato otomatik ta Volkswagen, in mai kuloci cikin mai ce, a samfuri da yawa tana son sabon mai da matata kowane kilomita 60,000. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai maki 230, amma in ya sha danshi zai iya sauka zuwa 155. A canja shi duk shekara biyu. In fedal ya yi laushi yana nutsewa bayan birki da yawa, man ne ya tafasa, a tsaya.

Iskar taya kuma da safe ake aunawa, bisa lambar da ke manne a bakin ƙofar direba. Kowane maki 10 na zafi na ƙara kimanin bar 0.1, don haka in mai faci ya auna da rana bayan tafiya ya ga ta hau, kada ya sace. In wili ɗinka inci 19 ne da taya 235/35, gefen robar milimita 82 ne kacal, 225/40 a inci 18 na da 90, 225/45 a inci 17 na da 101. Wannan ƙarin roba na shanye bakin rami fiye da duk wani saitin amotisa, sai dai kafin ka sauka zuwa ƙaramin wili a gwada shi a ga bai taɓa gidan birki ba.